Na Sayi Duron, Biki Saura Kwana Goma: Ta Ina Zan Fara?

"Assalamu alaikum. Ni mai ɗaukar bidiyon biki ne a Zariya, shekarata uku ina aiki da kyamarar hannu. Kwanan nan na tattara 'yan kuɗaɗena na sayi duron, wato ɗan jirgi maras matuƙi mai kyamara, na hannu, DJI Mini 3, da batir biyu da rimot irin wanda ake maƙala wa waya. Ban taɓa tayar da shi ba, tsoro nake ji kada ya faɗi ko ya tafi ya bar ni, ga shi hunturu ya kama. Ina da aikin biki nan da kwana goma, kuma na riga na yi wa dangin ango alkawarin ɗauka ta sama. Yaya zan haɗa shi, yaya zan koyi tuƙi, kuma zan iya kai shi wurin bikin?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sanya albarka a sabon kayan aiki, ya sa ka ci moriyarsa. Abu uku ka tambaya: haɗawa, koyon tuƙi, da ko kwana goma sun isa a shiga taro da shi. Haɗawa aikin yamma ɗaya ne. Tuƙin ma ba shi da wuyar da kake zato, yaron da ya saba buga gem a waya zai ɗaga shi ya sauke cikin minti biyar, domin jirgin ne ke riƙe da kansa a sama. Abin da ke cin lokaci shi ne gane yanayin da jirgin zai kasa riƙe kansa, ka hango shi tun bai zo ba. Yawancin jiragen da na ga sun faɗi a wannan sana'a, har da nawa, tun a ƙasa aka kayar da su: an tashi da rabin batir, ko ba a jira tauraron ɗan'adam ba, ko ba a ɗaga kai an dubi wayar wuta ba.

Ka fara sanin abin da ke hannunka. Kamfanin DJI na birnin Shenzhen a China ya fitar da Mini 3 a Disambar 2022. Nauyinsa gram 248 ne, kuma da gangan aka tsayar da shi a nan, saboda dokokin Amurka da na Turai sun sassauta wa jiragen da ba su kai gram 250 ba. Kyamararsa tana da kyau ƙwarai a kuɗinta, tana ɗaukar 4K, tana kuma juyawa tsaye don bidiyon TikTok da na sitatus. Sai dai akwai abu ɗaya da masu sayarwa ba su cika faɗa ba. Na'urorin ganinsa ƙasa kawai suke kallo. Ta gaba, ta baya da ta gefe, makaho ne. Bidiyon da kake gani a YouTube na duron ya doshi bishiya ya ci birki da kansa, na Mini 3 Pro ne ko Mini 4 Pro ko manyansu. Naka in ka nufi bango da shi, bangon zai runguma.

Kafin farfela ta juya

Tunda na hannu ne, aikin farko ba na tashi ba ne, na bincike ne. Nemi wanda ya sayar maka tun lambarsa tana shiga, ka tabbatar ya kwance jirgin daga asusunsa na DJI. Jirgin da ke ɗaure da asusun wani kamar babur ne da takardunsa ke hannun tsohon mai shi, kuma shi kaɗai ne zai iya kwancewa cikin sauƙi. Daga nan ka buɗe naka asusun. In ba ka shiga da asusu ba, manhajar za ta taƙaita ka ga tsayin mita 30 da nisan mita 50.

Manhajar sunanta DJI Fly. In wayarka Android ce, kada ka ɓata lokaci a Play Store, ba ta can, a shafin DJI ake sauke ta. Akwai masu kama da ita da suka cika wurin, ka bar su. Wayar kuma ta zama mai ɗan ƙarfi, domin ƙaramar waya tana iya daskarewa jirgi yana sama, kuma wannan ba abin da kake son gani ba ne a makon farko. Ka yi sabunta manhajar jirgi da ta rimot a gida, inda akwai intanet mai kyau da cikakken caji, kowane batir ka saka shi a jirgin ka duba ko shi ma yana neman sabuntawa. Kada ka taɓa yin wannan a wurin aiki. Na taɓa ganin abokin sana'a tsugune a gindin darbejiya yana jiran kashi 60 ya zama 100, ana can ana shafa fatiha.

Sai batir. Ɗora kowanne a kan tebur ka dube shi ta gefe. In ya kumbura ko yaya, in sai ka danna da ƙarfi yake shiga, ko yana fita da ƙyar, ya gama aiki, kada ka ji tausayin kuɗinka. A cikin manhajar, ɓangaren tsaro, akwai inda ake ganin sau nawa aka taɓa caja shi, wannan zai nuna maka ko gaskiya mai sayarwa ya faɗa da ya ce "sau biyu kawai aka tashe shi". Daga nesa ba zan iya yi maka hukunci a kan lafiyar batiranka ba, sai an riƙa an gani, don haka in da wani tsohon hannu kusa da kai, kai masa ya duba. Kwali ya ce minti 38 batir ke yi. Wannan lissafin inda babu iska ne, a tafi a gudu ɗaya har batir ya mutu. A aikace ni minti 25 nake ƙirgawa, in ya tsufa 20.

Farfela kuma ka bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Tsagewa ko ɗan gutsurewa a baki ya isa a canza, kuma biyun da ke kan mota ɗaya, wato ɗan injin da ke juya su, ake canzawa tare. Iri biyu ne, masu alama da marasa alama, domin motoci biyu dama suke juyawa, biyu hagu. In ka musanya su, jirgin zai kife a wurin tun bai bar ƙasa ba. Juya kowace mota da hannu, ka ji ko tana kartar wani abu. Katin memori ka nemi mai alamar U3 ko V30, kuma ka saye shi inda ka yarda da su, don jabu ya yi yawa a kasuwa. Ka goge shi daga cikin manhajar kafin fara aiki.

Kunnawa kanta: ka danna maɓallin sau ɗaya, ka sake dannawa ka riƙe, haka a rimot, haka a jirgi. Amma kafin nan ka cire murfin robar da ke kare kyamara. Da zarar an kunna, gimbal, wato hannun da ke riƙe da kyamarar yana daidaita ta, zai motsa ya gwada kansa, in ya tarar da murfi sai ya yi ta kokawa da shi. Gyaran gimbal kuwa yana daga cikin mafi tsada a jikin jirgin.

Abin da ke riƙe da shi a sama

Wannan ne wurin da nake so ka fi natsuwa, don shi ne amsar tsoronka na "ya tafi ya bar ni". In ka saki sandunan rimot, jirgin yana tsayawa cak a inda yake. Ba don iska ba ta tura shi ba ne, tana turawa, shi kuma yana mayar da kansa kowane lokaci saboda ya san inda yake. Taurarin ɗan'adam ke gaya masa wurinsa, kamfas ke gaya masa inda ya sa gaba, ƙaramar kyamarar cikinsa kuma tana kallon ƙasa in yana kusa da ita. Ya rasa taurari kuma kyamarar ƙasan ba ta gani, sai ya koma abin da ake kira ATTI: zai riƙe tsayinsa, amma zai bi iska kamar leda, kuma ba birki. Sabon matuƙi yana ganin haka sai ya ce jirgin ya haukace.

Saboda haka in ka kunna, ka jira. A saman fuskar waya akwai alamar tauraro da lamba a gefenta. Ni ba na tashi sai ta wuce 12 kuma na ji manhajar ta sanar cewa ta rubuta wurin tashi. Sai in buɗe taswira in ga alamar gida tana daidai inda nake tsaye. Minti ɗaya ko biyu ne, amma in ka tashi kafin nan, jirgin zai iya rubuta gidansa a wani wurin da ya kama taurari, kuma can zai nufa ranar da sigina ta yanke.

Kamfas abokin gabarsa ƙarfe ne. Kada ka tayar da shi daga kan but ɗin mota, ko kan kwalbati, ko saman bene da aka zuba da rodi, ko kusa da taransifoma. In manhajar ta ce a saita kamfas, fara matsawa wani wurin tukuna, sau da yawa wurin ne ke da laifi. In ta nace, ka fita fili, ka ajiye makullai, ka juya jirgin a kwance zagaye ɗaya, sannan a tsaye zagaye ɗaya, yadda hoton zai nuna maka.

Sai maganar komawa gida da kansa. Jirgin zai juyo in sigina ta yanke, ko batir ya yi ƙasa, ko kai ka danna maɓallin ka riƙe. Yadda yake yi shi ne ya fara hawa zuwa tsayin da ka saita, sannan ya miƙe ɗoɗar zuwa wurin tashi. Ka tuna makaho ne. In ka saita mita 30 alhali akwai ƙarfen sabis mai mita 45 a tsakaninku, to ka haɗa su da hannunka. Duk wurin da ka je, ɗaga kai ka nemi abin da ya fi komai tsawo, hasumiyar masallaci ce, tankin ruwa ne, ko bishiyar turare, ka ƙara mita 15 ko 20 a kai. Haka kuma akasinsa: in kana shawagi ƙarƙashin rumfa ko rassan bishiya sigina ta yanke, sama zai yi ya daki abin da ke kansa. Ana iya canza saitin zuwa ya tsaya wuri ɗaya, amma a matakin da kake, kada ma ka shiga ƙarƙashin komai.

Yatsu

Nemi fili babba da sassafe, filin ƙwallo ko gonar da aka girbe, nesa da wayoyi. Ka tafi da mutum ɗaya, aikinsa korar yara, domin ƙarar farfela tana tara su fiye da mai alewa. Sandar hagu: sama hawa, ƙasa sauka, gefe kuma juya fuska. Sandar dama: gaba, baya, dama, hagu. A tsakiyar rimot akwai makunni mai C, N da S. Ka ajiye shi a C, inda gudunsa bai wuce mita 6 a daƙiƙa ba. N yana kai 10, S yana kai 16, kuma a S ɗin kafin ya tsaya sai ya yi ja mai nisa.

Ajiye shi bayansa yana kallonka, ka ja da baya taku biyar. Danna alamar tashi ka riƙe, zai ɗaga kamar mita ɗaya da 'yan kai ya tsaya. Bar shi a nan rabin minti, kana kallo kana saurare. Jirgi mai lafiya ƙararsa ɗaya ce, ba ya rawa, ba ya zagaye kamar ruwa a mazurari. Wannan rabin mintin har yau ina yin sa a kowane batir.

Batir na farko da na biyu, hawa da sauka kawai, sai murabba'i: gaba, dama, baya, hagu, ka dawo kan inda ka tashi. Bayan nan ne darasin gaske yake. Juyo da shi ya fuskance ka, ka sake murabba'in. Yanzu damarka ta zama hagunsa, kuma a nan ne ƙwaƙwalwa ke rikicewa, mutum ya so kauce wa bishiya ya ƙara tura shi cikinta. In ka rikice, saki komai. Sakin sanda birki ne, haka ma danna maɓallin tsayawa sau ɗaya. Ka ci gaba da wannan har yatsunka su daina tambayarka. Daga nan zagaye, sannan lamba takwas, sannan ka fara haɗa tuƙi da 'yar tayar da ke saman rimot ta hagu, mai sunkuyar da kyamara. Rubutu ba ya koya wa yatsa, iyakacina in jera maka abin da za ka maimaita. Da batir biyu safe da yamma, kana iya tara tashi talatin kafin ranar, in wuta ta ba da haɗin kai.

Eriyar irin rimot ɗinka tana cikin mariƙin wayar, don haka ka riƙa fuskantar jirgin da shi. Kilomita 10 da aka rubuta a kwali na fili ne fetal. A cikin gari, tsakanin gine-gine da rufin kwano, da ya ɓuya bayan bene ɗaya hoto zai fara yankewa. Kada ka bari ya fita daga idonka, doka ma haka ta ce.

Iska, ƙura da shirwa

Ka sayi jirgi a lokacin da ya fi wahalar da shi. An ƙiyasta Mini 3 zai jure iska mai gudun mita 10.7 a daƙiƙa, kusan kilomita 38 a awa. Matsalar ita ce iskar da kake ji a fuskarka ba ita ce a mita 80 ba, ta sama ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma da hunturu da hantsi take tasowa.

Ni ma da tsada na koyi wannan. Wata Janairu na je ɗaukar wata gonar rani a bakin madatsar ruwa, wajen ƙarfe goma. A ƙasa iskar ba ta fi ta kaɗa bakin riga ba. Na hau mita 100, na miƙa kudu, jirgi yana ta sheƙa gudu ina jin daɗi, ban lura iskar arewa ce ke tura shi ba. Da batir ya kai kashi 45 na juyo. Lambar nisa a fuskar waya ta tsaya a mita 900 da wani abu, ina danne da sanda har ƙarshe, tana raguwa ɗaya-ɗaya kamar mai ƙirgen kuɗin bashi, wani lokacin ma ta ƙaru. Gumi ya keto mini cikin sanyin nan. Abin da ya cece ni shi ne na sauko da shi mita 25, inda iska ta yi sauƙi, na mayar da makunni S. Duk da haka bai iso ba. A kashi 6 na sunkuyar da kyamara na zaɓi wata gonar dawa da aka girbe na ajiye shi tsakanin kunya biyu. Taswirar nemo jirgi da ke cikin manhajar ta kai ni, na tarar da wani yaro mai kiwo tsaye a kansa da sanda, bai taɓa shi ba, yana jira ya ga ko zai sake motsi. Tun daga ranar, in zan yi nisa, iska nake fara fuskanta, ta turo ni in zan dawo. Kuma kashi 30 a wurina sifili ne, lokacin jirgi yana ƙasa ko yana kaina.

Ƙura kuma a hankali take kisa. Motocin suna da maganaɗisu, ƙasarmu kuwa akwai ɓurɓushin ƙarfe a cikinta, farfela tana tayar da ita mota tana zuƙa. Yanki falankin filawud kamar faɗin faranti babba ka riƙa tashi da sauka a kansa. Tabarma ba ta yi, iskar farfela ɗaga ta take yi. Za ka ga ƙwararru suna cafke jirgi da hannu ta ƙasa, ka bar wannan sai gaba, farfelar nan tana yanka yatsa. In ka dawo gida, ɗan buroshi mai laushi da abin hura iska na masu kyamara sun isa. Ranar da hazo ya yi kauri kuwa, hoto fari fat zai fito, jirgin ma zai ɓace maka a mita 200.

In bazara ta zo, zafi ne abokin faɗa. Iyakar da kamfani ya sa digiri 40 ne, watan Afrilu kuwa a Arewa ana wuce nan. Kada ka bar batir a mota a rufe, kada ka caja shi yana saukowa da zafinsa, kada ka bar jirgi a kunne a ƙasa yana jira, iskar tashi ce ke sanyaya shi. Wayarka ma za ta dushe haskenta in ta yi zafi, ka nemi inuwa ka tsaya. Batiran suna rage cajin kansu in sun daɗe a ajiye, har zuwa wajen kashi 60, don haka a daren aiki ake cika su. In za ka hau jirgin sama da su, a jakar hannu ake sa su.

Shirwa kuma, wadda littafin kamfani bai san da ita ba. Kusa da mahauta, kasuwa ko bola, za ka ga ɗaya ta fara zagaye jirgin, kafin ka ankara sun zama huɗu. Hankaka ma yana yi. In ta matso, hau sama da sauri, domin daga sama take kawo sura kuma ba ta iya hawa a miƙe kamar duron. In ta ba ka sarari ka janye ka sauka.

Hukuma da maƙwabta

Sassaucin gram 250 na ƙasashen da suka yi shi ne, kada ka ɗauka ya wanke ka a nan. Tun watan Mayun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta hana tayar da jirgi maras matuƙi ba tare da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ba. A Janairun 2025 kuma rundunar Operation Hadin Kai ta haramta shi a Arewa maso Gabas, saboda haka in aiki ya kira ka Maiduguri ko Damaturu, bar shi a gida. Ni mai ɗaukar hoto ne, ba jami'i ba, kuma tunda kuɗi za ka riƙa karɓa da shi, ka je ka ji sharuɗɗan rajista daga bakin hukumar da kanta. Na san da yawa suna tashi ba takarda. Na kuma san waɗanda aka karɓe wa jirgi suka kwana suna bayani.

Garinku ma na musamman ne. Kwalejin koyon tuƙin jiragen sama tana Zariya tun 1964, ɗalibai suna shawagi da ƙananan jirage ƙasa-ƙasa, suna tashi suna sauka. Ga Depot na sojoji, ga barikin Basawa. Duk wani biki da ke wajejen Palladan ko kusa da waɗannan wurare, kyamarar hannunka ta isa. Kada ka ce ai manhajar ba ta hana ka ba, shirun manhaja ba izini ba ne. A Disambar 2018 rahoton ganin duron ya sa aka rufe filin jirgin Gatwick a Ingila, tashi kusan 1,000 suka lalace. A ko'ina kuma kada ka wuce mita 120.

Akwai wata dokar da ba a rubuta ba, kuma ita ta fi saurin kama mutum. Gidajenmu a buɗe suke ta sama. Tsakar gida, madafa, makewayi marar rufi, duk katanga ce ta suturta su, kai kuma ka zo da ido mai tsallake katanga. Wani dattijo ya taɓa fitowa daga zaurensa ya same ni ina ɗaukar ayarin motocin ango, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Yaro, abin nan naka yana ganin cikin gidana?" Na ce ba can na nufa ba, Baba. Ya ce, "Ban tambaye ka inda ka nufa ba." Na sauke, na nuna masa abin da na ɗauka, muka goge guntun da gidansa ya fito. Tun daga nan, kafin in tashi a unguwa sai na sa masu biki sun gaya wa mai unguwa da maƙwabta, in bi saman titi, kyamara kuma ba ta sunkuyawa sai a kan wurin taron.

To, bikin fa?

Za ka iya kai shi, in ka yi atisayen nan, kuma in ka rage buri. Ɗauka uku ko huɗu kake bukata, kowace daƙiƙa goma zuwa sha biyar, su ne za ka yayyafa a farkon bidiyo da tsakanin sassa. Ɗaya, hawa a miƙe daga gaban masallaci ko ƙofar gida har unguwa ta bayyana. Biyu, ja da baya sannu a hankali kana hawa, bayan ka tabbatar babu komai a bayanka. Uku, taron ɗaurin aure daga gefe, kana tsaye wuri ɗaya a mita 30 ko 40. In da hali, ayarin motoci daga gefen titi. Duka a C, yatsa ɗaya motsi ɗaya. Kada ka bi ta kan mutane, kada ka shiga zauren dina da shi, can babu taurari, ga labule da fitilu masu rikita idonsa na ƙasa. In da dawaki, ka ba su nisa sosai, ƙarar tana firgita su, doki kuwa in ya zabura cikin taro ba a maganar farfela.

Ka je wurin kwana ɗaya kafin biki, a daidai lokacin da za ka yi ɗaukar. Bi falwaya da ido ka ga inda kowace waya ta bi, har da 'yan siraran da aka ja daga gida zuwa gida, waɗanda ba sa fitowa a fuskar waya sai ka shige su. Zaɓi inda za ka ajiye falankinka, inda jama'a ba za su rufe ba in ka tashi. A ranar kuma ka ba wani kyamarar hannu, mutum ɗaya ba ya riƙe biyun.

Saitin kyamara kaɗan ne. Ɗauki 4K a firam 25, ko dai abin da kyamarar hannunka ke kai, don su haɗu a wajen tacewa. Ka kafe farin haske da hannu kada launi ya riƙa sauyawa kana juyawa. Ƙofar hasken Mini 3 a buɗe take a f/1.7 kuma ba ta rufuwa, don haka da tsakar rana sai da gilashin rage haske, ND64 ko fiye, in kana son shata, wato saurin ƙiftawar kyamara, ta sauko 1/50 motsi ya yi laushi. In ba ka da shi, bar ta a otomatik, dangin ango ba za su gane ba. Abin da za su gane shi ne hoton da ke fizga.

In ranar ta zo ka ga kan bishiyoyi yana sunkuyawa, ko ka tashi gargaɗin iska ya fito ya ƙi tafiya, sauke shi ka mayar jaka, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Tun yanzu ka gaya wa babban abokin ango cewa ɗaukar sama tana hannun iska, don kada a ji maganar a bakinka ranar. Washegari da ƙarfe bakwai, kafin iska ta farka, ka koma ka ɗauki masallacin, da ƙofar gidan, da unguwar cikin hasken safe. Rumfunan ma galibi ba a kwashe su ba tukuna.